Kuɗin Man Motar Asibiti

Kwana goma sha ɗaya da fayil a hammata,
daga Ƙofar Ƙaura na taka har Rafindadi,
takalmina ya wage baki kamar mai jin yunwa,
takarda ta sha zufa har tambarin ya dushe,
ban samu mai ce mini "zauna" ba.

"Wane irin wasa ne?" in ji mai siminti.
Na ce dambe ne da kokawa da shuri,
a zuba su tukunya guda, a rufe da keji.
Ya ce, "Wato faɗa."
Na ce faɗa mai alƙali da agogo, Alhaji.
Ya duba waya, ya ce in dawo bayan La'asar,
bai faɗi La'asar ɗin wace rana ba.

Mai kamfanin ruwan leda ya ba da jaka arba'in,
amma sunansa ya fi na 'yan wasa girma a ƙyalle.
Na yarda.
Lawandi mai walda ya haɗa keji bashi,
raga mai kauri da ragowar bututun burtsatse,
bai ko rubuta a littafi ba.

Tabawa mai fura ta kwance bakin zane,
dubu bakwai, duk 'yan ɗari biyu masu ƙamshin citta.
"Ɗan ƙanwata na ciki. Ku sayo abin kare haƙori."
Ba ta ce a kira ta a lasifika ba.

Ni abin da ke cina, Rabe ne.
Shekara uku ke nan, a wani fili bayan gari,
ƙafa ta same shi nan, ƙarƙashin kunne.
Muka sheƙa masa ruwa, muka yi fifita da riga,
muka naɗe shi a Keke kamar buhun masara.
Yau da hannu biyu ƙanena ke riƙe kofin shayi.
Sunana Mannir. In zai kira ni sai ya ce "Man...",
har yanzu sauran bai iso ba.

Likita Sada ya karɓe ni a tsaye, yana wanke hannu.
Ya ce a gwada jinin kowa tun ranar Laraba,
nas biyu, tukunyar iska, allura da zare,
mota a bakin ƙofa, hancinta na duban titi.
"Kuɗina ka riƙe. Man mota kuwa naka ne.
In na ɗaga hannu wasa ya mutu,
ko da Katsina duka ta hau kaina."
Ban ji ɗaci a maganar ba.

Daren Juma'a na baje kuɗi a tabarma.
Ko mai kiɗa da fitilu masu juyawa,
ko mai a tanki da sallamar direba.
Abokai suka ce, taro babu sauti ai zaman makoki ne.
Na dubi kofin Rabe a kan taga,
ban tsaya ƙirga sau biyu ba.

Asabar, janareto na tari, benci ya cika.
Zagaye na biyu, Tukur ɗan Sabuwar Unguwa,
yana gaba da maki, gwiwa ta tsaga masa gira.
Likita ya haska tocila, ido ya ƙi bin haske.
Hannu ya tashi.
Ihu ya tashi.
Ledar ruwa ta dinga sauka kamar ƙanƙara,
sunan mai kamfani na fashewa a kan keji.
Tukur na kuka yana rantsuwa lafiyarsa lau,
Likita bai sauke hannun ba.

Ɗinki biyar, a nan gefen fili aka yi.
Tukur ya tafi gida da ƙafarsa yana zagina.
Motar ta kwana da fitila a kashe,
Rabe zaune a matakalarta yana cin gyaɗa.
Wani ya ce, "Ka ga asara,
ka sayi mai, ba a ɗauki kowa ba."

Sha biyu ta wuce na ƙirga wa direba.
Saura naira ɗari uku, da bashin Lawandi.
Motar ta juya wayam, ba jiniya,
na bi ta da kallo har ta sha kwana.
Tun da nake ciniki a garin nan
ban taɓa sayen abu da araha haka ba.